Tambaya da Amsa: Muna so mu wuni a kan dutsen Kwatarkwashi, me za mu tanada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina ne daga Gusau, kullum in mun bi hanyar Funtua sai mu hangi dutsen Kwatarkwashi ta tagar mota, to yanzu dai mun yanke shawarar mu hau shi mu bi doronsa tun safe har yamma mu ɗauki hotuna. Wani a cikinmu ya ce fiya wata biyu-biyu ta isa, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Don Allah a ba mu shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Wallahi na ji daɗin wannan tambaya, don abin yana damuna yadda matasanmu ke wuce wannan dutse kamar ba nasu ba, alhali dutse ne mai tarihi, nan ne ake kamun maiki a zamanin da, kuma da shi aka san masarautar Kwatarkwashi ta ƙaramar hukumar Bunguɗu.

Amma kafin maganar ruwa akwai maganar tsaro, kai ma ka san halin da Zamfara ke ciki. Kada ku sauka daga mota ku nufi dutse kai tsaye. Ku shiga gari tukuna ku gaida mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku tambayi 'yan banga ko Askarawa (jami'an tsaron al'umma na jihar Zamfara) ko akwai motsi a bayan dutsen, in sun ce kar ku hau to kar ku hau, ba gardama, dutsen ba inda za shi. In sun amince ku roƙi a haɗa ku da ɗan gari wanda ya san hanya ku ba shi na goro, kuma ku bar wa wani a gida lokacin da za ku dawo, don sabis ɗin waya yakan ɗauke a bayan dutse. Hotunan ma ku bari sai kun dawo gida sannan ku saka a Facebook.

Shi kuma abokin naka ka gaya masa leda ɗaya rabin lita ce, biyu lita ɗaya kenan, wannan kafin hantsi ya dubi ludayi ya shanye ta. Kowa ya ɗauki lita 3 zuwa 4 a jakar goyo don hannuwa su zama ba komai, akwai wuraren da sai kun dafa dutse da hannu biyu kuna rarrafe. Ku haɗa ruwan gishiri da suga, lita 1 ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ku sayi ORS a kemis, saboda gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba har da gishirin jiki, shi ya sa za ka ga jijiyar ƙafar mutum ta ɗaure yana ta shan ruwa amma bai ji sauƙi ba. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, su ne guzuri, fura kam za ta yi tsami a rana.

Lokaci ma ku zaɓa. Watan Maris da Afrilu zafi a nan yana haura digiri 40, falalen dutse kuwa da azahar sai ya zama kamar kaskon tuya, tafin hannu ma ba ya iya taɓa shi. Da damina santsi ne da tsawa. Hunturu ya fi, Disamba zuwa Janairu, ku fara da an idar da sallar asuba gari ya waye.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne saukowa ta fi hawa wuya. Kana hawa da ƙarfinka da zumuɗi, saukowa kuwa gwiwa na rawa, yatsun ƙafa na bugun bakin takalmi, tsakuwa na zamewa, ga gajiya, kuma doron dutse yana da yaudara, ka ga kamar can ne ƙarshe ka isa sai ka ga wani tudun a gaba ka ce bari in ƙarasa. To ku yi yarjejeniya tun a ƙasa, da ruwa ya kai rabi ko an kira azahar an juya, ko an kai saman ko ba a kai ba. Silifas a bar su a gida, kambas mai kama ƙasa da safa, a yanke farce. Wanda ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki, in ya fara sambatu a sauko da shi asibiti da gaggawa.

Kada kowa ya cusa hannu cikin kogo ko tsagar dutse, kububuwa da kunama da zuma duk nan suke fakewa. In Allah ya ƙaddara maciji ya sari wani ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, a cire zobe ko agogo, a hana ƙafar ko hannun da aka sara motsi a goyo shi zuwa asibiti. Ledojin ruwanku kuma ku sauko da abinku don Allah, kar a bar wa mutanen gari shara.