Hukuncin yawon buɗe ido a gonakin inabin giya na Faransa lokacin kaka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Damagaram ne, ina karatu a Dijon, ƙasar Faransa. 'Yan ajinmu sun shirya fita a watan Satumba, lokacin tsinkar inabi, za mu bi ta gonakin inabi na yankin Burgundi har garin Beaune. Cikin tsarin akwai shiga rumbunan giya da ɗanɗano, kuma kuɗin da za mu biya ya haɗa da wannan. Sun ce ba dole in sha ba, wai masu ɗanɗanon ma kurkure baki suke yi su tofar. Sannan an yi mini tayin aikin tsinkar inabi na mako biyu, ga kuɗin haya ya matsa mini. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun ba ka ɗaura ɗamarar tafiya ba.

Ganin ƙasar da gonakinta halal ne. Inabi halittar Allah ne, kuma a Suratul An'am, aya ta 99, bayan ya ambaci gonakin inabi da zaitun da rumman, Allah ya umarce mu da mu dubi 'ya'yansu idan sun fito da kuma nunarsu. Tuddan nan da ke tsakanin Dijon da Beaune, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015, ba su zama haram ga idonka ba don mutane suna matse amfaninsu su yi giya. Ka bi hanya, ka ga yadda ganye ke juyawa ruwan ɗorawa da kaka, ka shiga tsohon asibitin Beaune da aka kafa a 1443 don marasa lafiya talakawa. Babu laifi a cikin wannan, matuƙar ka kiyaye sallolinka da abin da kake ci.

Iyakar tana bakin ƙofar rumbu. A Suratul Ma'ida, aya ta 90, Allah bai tsaya ga hana sha ba, cewa ya yi mu nisanci giya, kuma wanda ya zuba ta a bakinsa ya juya ta a kan harshe bai nisance ta ba ko da ya tofar. Ga kuma najasa a baki, domin haka mazhabobi huɗu suka ɗauke ta. Zama a wurin ma an hana: Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya. Saboda haka tsarin da aka haɗa kuɗin mota da kuɗin ɗanɗano wuri guda bai halatta ka biya shi ba, domin ka sayi giya ke nan ko ba ka kurɓa ba. Ka nemi a cire maka wannan kason, ka jira su a waje. In sun ƙi, akwai jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu, ka tafi naka da abokan da suka fahimce ka. Kada kuma ka sayo wa kowa kwalba a matsayin tsaraba, ko da ba musulmi ba ne.

Batun aikin shi ya fi taɓa mini zuciya, don na san ɗalibi a ƙasar wani ba ya kwana lafiya idan mai gida na jiran kuɗinsa. Amma gaskiya ɗaya ce. A hadisin Anas da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma game da giya, cikinsu da mai matsa ta, da wanda ake matsa wa, da mai ɗaukarta, da mai cin kuɗinta. Malaman Malikiyya sun haramta sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna da kuma aya ta 2 a Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan saɓo. An ruwaito sassauci daga Imam Abu Hanifa a kan sayar da ruwan inabi, sai dai manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa, kuma ra'ayin jamhuru shi ne nake ba da fatawa da shi. A Burgundi babu wani kokwanto da za ka fake da shi. Nau'o'in inabin Pinot Noir da Chardonnay da ake nomawa a can don giya aka dasa su, kwandon da ka cika daga hannunka sai wurin matsa, sau da yawa a wunin nan.

Kuɗin haya buƙata ce mai nauyi, amma ba ta kai lalurar da ke halatta haram ba alhali akwai wasu ƙofofi. Kakar nan dai ita ce lokacin tsinkar tuffa a Faransa, akwai kuma gonakin inabin ci, irin Chasselas na Moissac a kudu maso yamma, wanda kasuwa ake kai shi a ci ɗanye. Aiki a irin waɗannan halal ne. Ka kuma je masallacin da kake salla ka faɗa wa limami halin da kake ciki, domin ɗalibin da guzurinsa ya yanke a ƙasar baƙunci yana da haƙƙi a cikin zakka.

Allah ya buɗa maka ta hanyar halal, ya ba ka nasara a karatunka. Wallahu a'alam.