Hukuncin juye magungunan da wa'adinsu ya ƙare a kwata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kemis a Tudun Wada, Kaduna. Magungunan da wa'adinsu ya ƙare, ƙwayoyi da na ruwa, nakan sa yarona ya juye a kwata idan ana ruwan sama, su bi ruwa zuwa kogi. Wani ya ce suna kashe tsirran cikin ruwa, wani kuma ya ce ruwa mai gudu babu abin da ke ɓata shi. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri da ba ka kankare kwanan wata ka sayar wa bayin Allah ba. Haramcin wannan ba ya buƙatar dogon zance.

Inda na tsaya a tambayarka shi ne cewarka "idan ana ruwan sama". Mai jiran hadari kafin ya zubar ya san inda abin zai ƙare, wato kogin Kaduna. Nan hukuncinka ya bambanta da na marar lafiyar da ragowar magani ke fita a fitsarinsa, shi babu komai a kansa. Kai da gangan kake zubarwa, da yawa, a kai a kai, alhali akwai wata hanya. Wannan bai halatta ba, kuma hadisin "babu cuta babu cutarwa" ya isa hujja.

Mai maganar tsirrai ya yi gaskiya. Magunguna irin su ciprofloxacin da tetracycline an yi su ne don kashe ƙwayoyin cuta, sashen ganye kuwa da ke haɗa abinci da hasken rana ƙirarsa ta yi kusa da ta ƙwayoyin cutar, sai maganin ya far masa. Ganyen ya ɗashe, saiwa ta tsumbure. Kainuwa da bado da gansakuka ba banza Allah ya halicce su ba: a cikinsu ƙananan kifi ke fakewa suna kiwo. A 2022 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila sun auna koguna 258 a ƙasashe 104, suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren ragowar magani ta kai matakin da ake tsoron cutarwarta.

Shi kuwa mai cewa ruwa mai gudu ba ya ɓaci, ya ɗauko mas'ala daga babin tsarki ya kai ta inda ba gidanta ba. Abin da malamanmu Malikawa suka faɗa shi ne ruwa ba ya zama najasa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya. Maganar alwala da wanka ke nan. Ba wanda ya ce ƙwayar magani najasa ce. Guba ma ba najasa ba ce, to wane malami ya halatta jefa ta a rijiya don ba ta sauya launin ruwa ba? In ya ce ruwan damina zai tsinka maganin, a gaya masa waɗannan magunguna biyun da na ambata manne wa laka suke yi su zauna. Rani ya zo, kogi ya janye, duwatsu su fito, tsirrai kuwa saiwarsu a cikin lakar nan take. Masu lambun bakin kogi kuma su sa inji su ɗebo wa alayyafo da latas. Sannan ba kai kaɗai ke zubarwa ba, akwai gidajen kaji da asibitoci, kowa na cewa nasa kaɗan ne.

Ka yi istigfari kan abin da ya wuce. Ka tara su a kwali, ka rufe, ka rubuta a jiki, ka tuntuɓi ofishin NAFDAC, su ke da alhakin lalata irin wannan kaya. Kada ka kai bola, yara na tono a can, kada kuma ka ƙona a cikin unguwa.

Yaron nan amana ce a hannunka. Yadda ya ga kana yi haka zai yi ranar da ka yaye shi, don haka ka zaunar da shi ka gaya masa an daina, da dalilin dainawar. Ka kuma rage sarin abin da ba ya tafiya a shagonka. Allah ne mafi sani.