Matata 'yar Faransa ce mai suna Renée: dole ta canza suna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Manchester ta ƙasar Ingila. Matata 'yar Faransa ce, ta musulunta shekara uku da suka wuce, sunanta Renée. Wasu 'yan'uwa a masallacinmu sun ce sunan Kiristoci ne, wai Musuluncinta bai cika ba sai ta canza. Ga shi kuma Allah Ya ba mu 'ya mace, surukata tana roƙon a sa mata Renée ko Aimée. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya raya abin da aka samu bisa Sunna, Ya tabbatar da mahaifiyarta a kan addini.

Da farko, maganar cewa Musuluncinta bai cika ba kuskure ce babba, kuma ta yi mini ciwo. Kalmar shahada ke shigar da mutum Musulunci, canjin suna ba ya cikin sharuɗɗa. Mariya Baƙibɗiya ta musulunta da sunanta, Annabi (SAW) bai taɓa shi ba. Waɗanda ya canza, akwai dalili: 'yar Sayyidina Umar ana kiranta Asiya, da harafin aini da sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Barra kuma ta koma Zainab saboda sunan ya ƙunshi yabon kai. Ka ga ma'ana ake dubawa, ba harshe ba.

To, mece ce ma'anar Renée? Na mace ne, na namiji René, irin na masanin falsafa René Descartes da ya rasu a 1650. Tushensu kalmar Latin ce, Renatus, wato wanda aka sake haihuwa. Kiristocin farko sun riƙa sa shi ne don nuni ga baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, bisa maganar sake haihuwa da ke sura ta 3 ta Linjilar Yohanna. Masu cewa yana da asali a addinin Nasara ba su yi ƙarya ba.

Amma a duba yadda ya zama da ya shiga Turanci. Galibi an yar da ɗan karan da ke kan harafin e, ana rubuta Renee kawai. Amurkawa na cewa "Rinei", wasu a Ingila ma "Rini" suke kira. Ya yaɗu a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, mai zuwa coci da wanda bai san ƙofarta ba kowa na sa wa 'yarsa. Ma'aikaciyar asibitin da ta kira matarka da sunan nan, baftisma ba ta zo mata a rai ba. Ibnul Ƙayyim ya kasa sunaye uku: na Musulmi kaɗai, na kafirai kaɗai irin su Buɗrus da Jirjis, da waɗanda aka yi tarayya a kansu. A fahimtata, Renée a bakin masu Turanci yau ya fi kusa da kashi na uku. Babu bautar wanin Allah a lafazinsa, saɓanin Christine da ke nufin mabiyar Kiristi, ko Noëlle da ke nufin Kirsimeti. Matarka ma tana iya riƙe shi da kyakkyawar ma'ana, tunda Annabi (SAW) ya gaya wa Amru ɗan Asi cewa Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi.

Saboda haka bai wajaba ta canza ba, a baki ko a fasfo. In ta so wani suna don raɗin kanta, madalla. Kada a matsa mata.

Jaririya kuwa hukuncinta daban. Barin babba da sunan da ya tashi da shi abu ɗaya ne, zaɓa wa jariri sabo wani abu ne, kuma haƙƙin 'ya ne a kan uba ya zaɓa mata mai kyau. Ba na cewa Renée haramun ne gare ta, amma ban so ba, tunda kun san asalinsa kuma kuna da mafita a hannu.

Mafitar ita ce Aimée. Ma'anarsa abar ƙauna, Habiba ke nan. Daga tsohon Faransanci ya shiga Ingila tun bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci ta da yaƙi a 1066, ya zama Amy, kuma lafazinsa ba ya ɗauke da wata aƙida. Ka raɗa mata sunan Musulunci ranar suna, Maryam ko Habiba ɗin ma, ka sa Aimée na biyu. Dokar Ingila ta ba ku kwana 42 kafin rajistar haihuwa, akwai lokacin shawara.

Surukarka kuma ka kira ta da kanka, ka gaya mata an karɓi ɗaya daga cikin zaɓinta. Lokacin da mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo mata Madina tana mushrika, Annabi (SAW) cewa ya yi ta sada zumuncin uwarta, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ma ta halatta kyautata wa irinsu.

Wallahu a'alam.