Allon AIS bai nuna jirgi ba, ko hanya a buɗe take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, na sa masa na'urar AIS, wadda ke nuna jiragen da ke kusa a kan allo. Kwanan nan cikin hazo wani jirgin masunta ya gifta ta gabana, saura ƙiris mu yi karo, alhali allon fayau yake. Iyalina na cikin jirgin, har yau gabana faɗuwa yake. Na'urar ce ta lalace, ko da ma ba abin dogaro ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara tsarewa. Da wuya in na'urarka ce ta lalace. AIS saurare take yi ta rediyon VHF, jirgin da ya sanar da kansa shi kaɗai take zanawa. Wanda ya yi shiru, a wurinta babu shi.

Wannan shi ne kuskuren da kullum nake fama da mutane a kansa: allo fayau, sai a ce hanya a buɗe take. Yarjejeniyar SOLAS ta ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku ta wajabta AIS ne kan jiragen fasinja da jirage masu tan 300 zuwa sama da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Kwale-kwale da ƙananan jiragen masunta da yawa ba su da ita. Wani yana da ita amma ya kashe don kada a gane inda yake samun kifi. Gungumen itace da ragar da aka shimfiɗa kuwa, wa zai sa musu eriya?

Wanda ma ya fito a allon, tsohon labari kake kallo. Babban jirgi mai AIS nau'in Class A yana aika matsayinsa duk daƙiƙa 2 zuwa 10, da ƙarfin wat 12.5. Class B na ƙananan jirage mai wat 2 sai duk daƙiƙa 30, in kuma yana tafiyar hawainiya sai bayan minti 3.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu tallar manhajar waya da ke ce wa jama'a ta wadatar. Manhajar nan daga tashoshin bakin teku take kwaso bayani ta intanet, tana iya makara da mintuna. Jirgin kaya mai gudun mil 20 na teku a awa yana cin sama da mita 600 a minti ɗaya. In bayanin ya makara da minti 5, dodon da kake gani can nesa ya riga ya matso da fiye da kilomita 3. Kuma sau tari matuƙinsa bai san da kai ba.

Doka ta 5 a ƙa'idojin hana karo na 1972 ta ce a sa ido da kunne a kowane lokaci, ba ta cire mai allo ba. Rayukan da ka ɗauko amana ce, Malam. In hazo ya sauko ka rage gudu, ka kunna fitilu, ka riƙa busa ƙaho, ka ajiye mutum a goshin jirgi yana saurare. Sannan ka duba ko na'urarka tana aikawa ne ko karɓa kawai take yi, domin mai karɓa kaɗai ba ta nuna ka a allon kowa.