Ta yaya zan zana tarihin man fetur ɗin Nijar a kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Damagaram, ina rubutun kammala karatu kan yawan ɗanyen man da Nijar ke haƙowa tun daga farko zuwa yau. Na sauko da alƙaluma daga intanet, amma da na buɗe su a Excel sai komai ya cunkushe a layi ɗaya. Da ƙyar na gyara, sai kuma zanen ya fito kamar matakala, ba kamar yadda nake gani a na wasu ƙasashe ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalarka biyu ce, kuma ɗaya ce kawai laifin kwamfuta.

Mu fara da cunkushewar. Fayil ɗin da ka sauko da shi irin wanda ake kira CSV ne, kuma a cikinsa waƙafi ne ke raba wannan lamba da waccan. Ita kuwa kwamfutarka, kamar yawancin na Nijar, da Faransanci aka saita ta. A tsarin Faransanci waƙafi yana cikin lambar ne, wato 17,5 na nufin sha bakwai da rabi, shi ya sa Excel ɗinka ke jiran waƙafi mai ɗigo a sama a matsayin mai raba lambobi. Da bai same shi ba, sai ya zube komai a ginshiƙi ɗaya. Kada ka danna fayil ɗin sau biyu don buɗewa. Ka buɗe Excel tukuna, ka shiga Données, ka zaɓi shigo da fayil na CSV, ka nuna masa cewa waƙafi ne mai rabawa. Idan a waya kake aiki, Google Sheets ya fi sauƙi, sai dai ka canza yankin takardar zuwa Amurka a saitunanta kafin ka shigo da fayil ɗin.

Ka kuma lura da ma'auni. Hukumar bayanan makamashi ta Amurka, EIA, tana rubuta Mb/d, wato yawan ganga a rana, kuma M ɗin nan dubu yake nufi, ba miliyan ba. Na taɓa ganin rubutun wani ɗalibi da ya ce Nijar na haƙo ganga miliyan goma sha wani abu a rana, ya ɗora ta sama da Saudiyya, kuma babu wanda ya tsayar da shi har ya buga. Rahotannin Faransanci kuma sukan ba da tan a shekara. Don mayar da shi ganga a rana, ka ninka da 7.33 ka raba da 365. Tan miliyan ɗaya a shekara yana ba da kusan ganga 20,000 a rana.

Matakalar da ka gani kuwa, kada ka taɓa ta, gaskiya ce. Nijar ta fara haƙo mai a ƙarshen 2011 daga rijiyoyin Agadem da ke yankin Diffa, ƙarƙashin kamfanin CNPC na ƙasar Sin. A lokacin bututu ɗaya ne, kuma matatar SORAZ da ke nan kusa da ku yake zuwa, wadda ba ta iya tace fiye da ganga 20,000 a rana. Komai yawan man da ke ƙarƙashin ƙasa, ba ka haƙo abin da ba ka da inda za ka kai shi. Shi ya sa layin ya kwanta sama da shekara goma bai tsallake wannan iyaka ba. Sai da aka gama bututun da ya kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Benin, wanda aka tsara ya ɗauki ganga 90,000 a rana, aka fara lodin jirgi a watan Mayun 2024, sannan layin ya yi tsalle. Ko a shekarar ma, rikicin iyaka da Benin da harin da aka kai wa bututun sun dakatar da aiki na wani lokaci, don haka kada ka rubuta ganga 110,000 a rana, wato 20,000 na matatar da 90,000 na bututun, a matsayin abin da aka haƙo. Wannan adadin abin da aka yi niyya ne.

Saboda haka ina roƙonka kada ka danna maɓallin da ke ja wa zane miƙaƙƙen layin hasashe. Excel bai san akwai bututu ba. Zai ja layi daga 2011 zuwa yau ya nuna maka ƙaruwa a hankali kowace shekara, abin da bai taɓa faruwa ba. Ka yi zanen ginshiƙai, shekara guda ginshiƙi guda, ka sa ɗan rubutu a kan 2011 da 2024 mai bayyana abin da ya faru.

Idan malaminka zai yarda, ka ƙara Chadi a gefe. Ita ta fara a 2003 daga Doba, da bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a Kamaru tun ranar farko. Nan da nan ta haura zuwa kusan ganga 170,000 a rana a 2005, daga nan tsofaffin rijiyoyin suka fara ja da baya. Zanenta tudu ne mai gangara, naku matakala.

Tambaya: Malam, ba zan iya tambayar ChatGPT ya ba ni alƙaluman kawai ba? Data tana min tsada. Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kina iya tambayarsa ya koya miki lissafi ko yadda ake zane, a nan yana da amfani. Amma alƙaluman ƙaramar ƙasa irin Nijar, yakan cike gurbin abin da bai sani ba da lambar da ta yi kama da gaskiya. Fayil ɗin CSV na ƙasa ɗaya ƙarami ne ƙwarai, bai kai nauyin hoto ɗaya da kike turawa a WhatsApp ba. Ki sauko da shi sau ɗaya daga shafin EIA, ki ajiye a wayarki, ki rubuta ranar da kika sauko da shi a jikin sunan fayil ɗin, domin sukan gyara alƙaluman shekarun baya idan sabon rahoto ya iso musu.