Amsa kan shayarwa da cin zalin yara

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne uwar da ta daɗe tana shayarwa ba ta cika wulaƙanta ɗanta ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya bi uwaye fiye da 7,000 da 'ya'yansu a Birisben ta Ostareliya har tsawon shekara 15. Aka gano yaran da ba su sha nono ba sun fi waɗanda suka sha wata 4 ko fiye fuskantar cutarwa daga uwa, musamman sakaci, sama da ninki biyu. Masana na danganta shi da sinadarin oksitosin da jiki ke fitarwa lokacin shayarwa, mai kwantar da hankali da ƙara shaƙuwa.

Amma kada ki ɗauka nonon kaɗai ne magani. Nan Sakkwato yawancin mata na kai wata 18 zuwa shekara 2 kafin yaye, kamar yadda Suratul Baƙara ta kwaɗaitar, kuma cin zalin yara bai ƙare ba. Talauci, kwanika da miji marar tallafi su ma suna taka rawa. Wadda ciwo ya hana ta shayarwa kuma, ban ga laifinta ba.