Lambun bakin teku: abin da za ka juya daga aikin Zariya

Ɗana, ka tambaye ni ko abin da ka koya a lambun bakin kogin Galma a Zariya zai ishe ka riƙe gonar Baturen nan da ya tare a wajen Badagiri, a bakin teku a jihar Legas, wanda yake so ka noma masa tumatir da albasa da kabeji. Zai yi maka amfani, amma sai ka juya hannunka. Mu nan tare ruwa muke yi, can kuwa korar sa za ka yi.

Ruwan Zariya bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, shi ya sa muke fangali mai zurfi. Can yakan haura 1,500, ya sauka tun Maris ko Afrilu, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba. Idan ka yi fangali, ruwa zai kwanta a gindin shuka, saiwa ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Tudu za ka tayar: faɗinsa mita 1, bisansa santimita 25 zuwa 30, ka bar magudana mai gangara a tsakani.

Ƙasar rairayi ce, kamar rariya take, ba ta riƙe ruwa balle taki. Wanda ya watsa yuriya ko NPK gaba ɗaya yadda muka saba, ruwan dare biyu ya wanke masa kuɗinsa. Ka raba takin kashi uku ko huɗu, kana ba da kaɗan-kaɗan duk mako biyu zuwa uku. Tushen aikin dai takin gargajiya ne: kashin kaji da ya ruɓe sosai, kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita, ka cakuɗa shi da ƙasa mako biyu kafin dashe. Ɓawon kwakwa da za ka ga an zubar ko'ina, kar ka bari a ƙona. Jera shi a ƙasan tudun, cikinsa yana kallon sama, ka rufe da ƙasa. Yana riƙe laima a rani. Sama kuma ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, amma kar ta taɓa karan shukar.

Rijiya ita ce inda baƙi suka fi cutuwa. A bakin teku ruwan daɗi yana kwance ne a saman ruwan gishiri. In aka sa inji ana zuƙa ba ƙaƙƙautawa, na ƙasan ya taso, rijiya ta koma zartsi, kuma dawowarta da wuya. Ka riƙa ja kaɗan safe da yamma, ka ɗanɗana ruwan musamman a Fabrairu. Bakin ganye ya ƙone, farin gishiri ya fito a kan tudu, to ka tsaya. Sa maigidan ya sayi tankuna: rufin kwano mai murabba'in mita 100, ruwan milimita 20 kaɗai zai ba ka lita 2,000.

Batun tumatir, ka yi hattara. Za ka ga shuka kore shar, da rana ta yi yaushi, washegari ta kwanta. Yanke karan kusa da gindi, ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garau. In ka ga wani farin abu yana tsiyayowa kamar zare, ƙwayar cuta ce daga ƙasa, feshi ba ya maganinta. Tuge shukar ka ƙona, kuma kar ka sa tumatir ko attaruhu ko gauta a wurin har shekaru. In saiwar ce ta yi ƙulu-ƙulu, tsutsar ƙasa ce, rairayi na da ita sosai. Gara ka shuka tumatir daga Nuwamba, a cikin buhuna ko bokitai da ƙasar da ka gasa a rabin durom, ka kafa masa sanda, ka riƙa ban ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. Albasa kuwa, faɗa masa gaskiya tun ranar farko: sanyin hunturu da bushewar iska take so kafin ta yi kai. Can lawashi zai samu.

Abin da ƙasar ke karɓa shi za ka cika gonar da shi: alayyafo, lalo, kuɓewa, ugu, rogo, dankalin Hausa, gwanda, abarba. Kwakwa ka jera ta ta ɓangaren teku, tazarar mita 7.5 zuwa 9, rami santimita 60 kowane gefe. Gajeruwar takan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, doguwar sai ta kai 6 ko fiye, amma ta fi jure iska. Ka nemi iri a reshen NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, da ke Badagiri. Ayaba da agada ka sa su a bayan gida inda iska ba ta duka, domin iskar gishiri tana yayyaga ganyensu.

Irin da ka tafi da shi daga Samaru kar ka bar shi a takarda, laima za ta kashe shi. Zuba shi a kwalba mai murfi da ɗan busasshen gawayi. Fartanya da adda kuma, duk yamma ka wanke, ka goge, ka shafa musu baƙin mai, in ba haka ba tsatsa za ta cinye su kafin damina ta fita.